FREDERICK DOUGLASS, BACUCANEN DA YA ZAMA ƊAN ƘASA

Akwai wata gardama a ƙasar Amurka wadda ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, watau ko duk jaririn da aka haifa cikin ƙasar ɗan ƙasa ne, ko kuwa sai an duba su wane ne iyayensa tukuna. A 1996 Jam'iyyar Rifabulikan ta sa cikin takardar manufofinta cewa 'ya'yan baƙin da suka shiga ƙasar ba da izini ba kada a riƙa lissafa su 'yan ƙasa don haihuwa kawai. Ran 20 ga Janairu 2025 kuma Shugaba Donald Trump ya sa hannu a kan wani umurni mai wannan nufi, nan da nan kotuna suka dakatar da shi, har magana ta kai Kotun Ƙoli. Masu goyon bayan abin sun ce tsaron ƙasa ne, masu suka kuwa sun ce ƙin wani launin fata ne aka yi wa lulluɓi. To, wannan gardama ba yau aka soma ta ba, don haka muka ga ya kyautu mu kawo wa masu karatu tarihin wani mutum da ya yi rayuwarsa duka a tsakiyarta.

An haifi Frederick Douglass cikin watan Fabrairu 1818 a gundumar Talbot ta jihar Maryland. Sunansa na yanka Frederick Bailey. Uwarsa Harriet baiwa ce, ubansa kuwa Bature ne, mutanen wurin suna raɗe-raɗin cewa ubangijin uwar ne da kansa. Amma wannan bai amfane shi da kome ba, gama dokar ƙasar a zamanin nan ta ce ɗa uwarsa ya ke bi: in baiwa ce, shi ma bawa ne tun ran da ya faɗo. Watau shi bacucane ne. Kakarsa Betsey ita ta yi renonsa. Uwar tana aiki a wani gandu mai nisan mil 12, sai da dare ta kan tako a ƙasa ta zo ta gan shi, ta koma kafin gari ya waye, bai kuwa gan ta fiye da sau huɗu ko biyar ba ta rasu, yana da shekara wajen 7.

A 1826 aka aika da shi birnin Baltimore ya yi barantaka a gidan wani mai suna Hugh Auld. Malamai da 'yan makaranta za su so su ji yadda ya yi karatu a nan, don abin ya cancanci a tsaya a kansa. Matar gidan, Sophia, ita ta fara koya masa baƙaƙe, sai mijinta ya hana, yana ganin karatu ɓata bawa ya ke yi. Yaron yana tsaye yana ji, daga nan ya gane cewa abin da ubangijinsa ke tsoro, shi ne abin da ya kamata ya nema. In an aike shi sai ya sa gutsuren burodi a aljihu, ya ba 'ya'yan talakawan Turawa na unguwa su biya masa karatu. A wurin da a ke sassaƙa jiragen ruwa ya lura masassaƙa suna rubuta baƙi guda a jikin kowane katako, don a san ko na dama ne ko na hagu, na gaba ko na baya. Ya koyi baƙaƙen nan huɗu, sa'an nan ya riƙa tsokanar yara yana cewa ya fi su iya rubutu, su kuma don su ƙure shi sai su rubuta masa waɗansu, shi kuwa abin da ya ke so ke nan. Bango da shinge su ne allonsa. Daga baya ya tara kwabbai ya sayi wani littafi na jawabai, a ciki ya koyi yadda a ke kafa hujja a kuma rushe ta abokin gardama.

A 1833 aka mai da shi ƙauye, a 1834 kuma aka ba da shi haya ga wani manomi mai suna Edward Covey, wanda ya yi suna wajen karya zuciyar bayi masu taurin kai. Wata shida yana shan bulala, ran nan sai ya ƙi, suka yi kokawa ta wajen awa biyu, Covey bai sake taɓa shi ba. A 1836 ya shirya gudu, asiri ya tonu, aka kulle shi, sa'an nan aka sake aika shi Baltimore. Can ya koyi sana'ar toshe kafofin jiragen ruwa, har ya zama yana neman aikinsa da kansa yana biyan murgu, dala 3 kowane mako, ci da sutura da kayan aiki duk a wuyansa.

Ran 3 ga Satumba 1838 ya sa tufafin ma'aikatan jirgin ruwa ya shiga jirgin ƙasa, kafin kwana guda ya cika yana Niyok. Wata 'yantacciyar mace, Anna Murray, ita ta taimake shi da guzuri, ta biyo shi aka ɗaura musu aure. Takardar da ya nuna wa mai duba tikiti kuwa aro ya yi daga wani abokinsa, irin wadda gwamnati kan ba ma'aikatan jirgin ruwa ce don shaidar su 'yan Amurka ne. Ashe da takardar ɗan ƙasa ta wani ya fita daga bauta, tasa ta kansa kuwa sai da ya yi shekara 30 yana jira. Suka zauna a New Bedford cikin jihar Massachusetts, nan ya sake suna ya koma Douglass don kada masu farautar bayi su gane shi.

A 1841 ya yi jawabi a wani taron masu ƙin bauta a Nantucket, shugabansu William Lloyd Garrison ya ji, ƙungiyar ta ɗauke shi yana yawo gari gari yana ba da labarinsa. Fasaharsa ta sa waɗansu suka ce ƙarya ne, bai taɓa bauta ba. Saboda haka a 1845 ya buga littafin tarihinsa, ya faɗi sunayen iyayengijinsa da garuruwansu, abin da ya tilasta masa ƙetare teku. Ya yi kusan shekara biyu a Ailan da Ingila. A Ailan ya tarar an shiga babbar yunwar nan, ya ga Turawa cikin tsiyar da bai zaci akwai irinta ba. A 1846 abokansa na Ingila suka tara fam 150 suka fanshe shi. Ya komo a 1847, ya kafa jaridarsa mai suna North Star a birnin Rochester.

Fansa ta raba shi da ubangiji, amma ba ta mai da shi ɗan ƙasa ba, a nan kuwa maganarmu ta ke. Tun 1790 dokar Amurka ta ce baƙo ba shi zama ɗan ƙasa sai in farar fata ne. Don haka mutumin Ailan da ya sauka daga jirgi jiya, bayan shekara 5 ya zama ɗan ƙasa ya jefa ƙuri'a, baƙin mutum kuwa wanda kakannin kakanninsa suka share dajin, ana gardama ko yana da ƙasa. Akwai kuma wata ƙungiya da aka kafa a 1816 don kwashe 'yantattun baƙaƙe a kai su Afirka, ita ce asalin ƙasar Laberiya. Douglass ya ƙi wannan shawara ƙi na har abada. Hujjarsa guda ce: nan aka haife su, nan suka zub da gumi, nan aka binne iyayensu, ba su da inda za su.

Kada a ce baƙin Turawan su ma hutawa suka yi. Cikin shekarun 1850 wata jam'iyya ta taso wadda mutane suka yi wa laƙabi da 'yan Ban-sani-ba, domin 'ya'yanta in an tambaye su sha'aninta sai su ce ba su san kome ba. Manufarta a zaɓen 1856 ita ce kada baƙo ya zama ɗan ƙasa sai ya shekara 21, kada kuma a ba kowa muƙami sai haifaffen ƙasa. Mutanen Ailan da Jamus 'yan Katolika ta ke nufi. Jiha ɗaya tak ta ci, ita ce Maryland, mahaifar Douglass. Shi kansa ya sha kukan yadda baƙin Ailan ke ƙwace wa baƙaƙe aikin dako da na gidajen abinci, suna kuma gaba wajen zaginsu. Duk da haka bai bi masu ƙin baƙi ba.

Ran 6 ga Maris 1857 Kotun Ƙoli ta yanke shari'ar wani bawa mai suna Dred Scott. Alƙalin alƙalai Roger Taney ya ce duk wanda ya fito daga zuriyar bayin Afirka, ko bawa ko 'yantacce, ba ɗan Amurka ba ne, ba kuwa zai taɓa zama ba. Alƙalai bakwai ne a gefe guda, biyu suka saɓa. Ɗaya daga cikin biyun, Benjamin Curtis, ya nuna cewa a lokacin kafa ƙasar baƙaƙe suna jefa ƙuri'a a jihohi biyar, amma an fi shi yawa. Douglass ya ɗanɗani hukuncin nan a jikinsa. A 1859, bayan da abokinsa John Brown ya kai hari rumbun makamai na Harpers Ferry don ta da bayi, aka nemi kama Douglass, ya tsere Kanada, ya wuce Ingila. A farkon 1860 ya so ya ziyarci Faransa, ya nemi fasfo a ofishin jakadan Amurka a Landan, George Dallas, aka hana shi, aka ce shi ba ɗan ƙasa ba ne. Jakadan Faransa ne ya ba shi izinin shiga ba wata wahala. Bai samu zuwa ba ma, don labarin rasuwar ƙaramar 'yarsa Annie ya same shi, ya juya gida.

Yaƙin basasa ya ɓarke a 1861. Cikin Agusta 1862 Shugaba Abraham Lincoln ya kira waɗansu shugabannin baƙaƙe ya shawarce su su yi ƙaura su bar ƙasar, Douglass ya mai da masa martani mai zafi a jaridarsa. Amma da aka yi shelar 'yanta bayi ran 1 ga Janairu 1863, aka kuma buɗe wa baƙaƙe ƙofar soja, sai ya shiga yawon ɗaukar soja, 'ya'yansa biyu, Lewis da Charles, suna cikin na farko. Lissafinsa shi ne, wanda ya sa kakin ƙasa ya zub da jini dominta, ba mai iya ce masa baƙo. Baƙaƙe wajen 180,000 suka yi soja. Da fari ana biyansu dala 10 a wata a cire 3 kuɗin tufafi, Bature kuwa 13, wannan na cikin abin da ya kai Douglass gaban Lincoln a 1863.

An soke bauta a 1865. A 1866 Majalisa ta tsara gyara na 14 ga Tsarin Mulki, aka tabbatar da shi a 1868. Jimlarsa ta farko ta kafa cewa duk wanda aka haifa a Amurka, yana kuma ƙarƙashin hukuncinta, ɗan ƙasa ne. Sharaɗin nan na hukunci an sa shi ne don a fid da 'ya'yan jakadu da kabilun asali waɗanda Turawa suka tarar, su kuwa waɗannan kabilu sai 1924 aka shigo da su duka. A kan wannan sharaɗi ne lauyoyi ke ta ja har zamaninmu. Ya kamata masu karatu su sani, dattawan da suka yi dokar ba su manta da 'ya'yan baƙi ba. Edgar Cowan na Pennsylvania ya tashi a Majalisar Dattawa ya tambaya ko ɗan mutumin Sin da aka haifa a Kalifoniya shi ma ɗan ƙasa zai zama. John Conness, wakilin Kalifoniya, wanda shi kansa haifaffen Ailan ne, ya amsa cewa haka ne, sun kuwa yarda. Douglass bai gamsu da gyaran ba gaba ɗaya, don ya bar wa jihohi hanyar hana baƙaƙe ƙuri'a, sai da aka yi gyara na 15 a 1870 hankalinsa ya ɗan kwanta. Amma tsarin da ya ce haihuwa ke sa mutum bauta ya juye, haihuwa ta zama ita ke ba shi ƙasa.

A zaɓen 1868 Jam'iyyar Dimokurat ta yi yaƙin neman ƙuri'a a fili da cewa ƙasar ta farar fata ce, farar fata ne zai mallake ta. Ta faɗi. Sai ƙiyayyar ta sami sabon wurin sauka, watau mutanen Sin. Waɗannan sun zo haƙar zinariya a Kalifoniya, su ne kuma mafi yawan leburorin da suka fasa duwatsu aka shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga yamma, wadda aka haɗe da ta gabas cikin Mayu 1869. A ƙidayar 1870 ba su wuce 63,000 da 'yan kai ba cikin mutum miliyan 38, amma sai ka ce su ne za su cinye ƙasar.

A nan ne, a ganinmu, girman mutumin ya bayyana. Da ya ga dama da ya yi shiru, gama nasa bai gama samuwa ba, ga kuma masu gonakin Kudu suna shirin kawo leburorin Sin don su karya farashin ƙwadagon 'yantattun bayi. Maimakon haka, cikin Disamba 1869 ya tsaya a Boston ya yi jawabi a kan cewa Amurka ƙasa ce ta haɗin gambiza, ƙarfinta kuwa daga nan ya ke. Ya ce a bar mutanen Sin su shigo, a ba su damar zama 'yan ƙasa, su yi shaida a kotu, su jefa ƙuri'a, a kuma zaɓe su. Ya nuna cewa ƙaura daga ƙasa zuwa ƙasa hakki ne na ɗan Adam duka, ba na wata kabila ba, kuma da wannan hakkin ne Turawa da kansu suka zo. Ya tuna musu cewa farar fata kaɗan ne cikin mutanen duniya, in kowace al'umma ta rufe ƙofarta, su ne za su fi shan ƙunci. Abin da ya ƙi shi ne fataucin leburori na tilas, wanda ya ɗauka bauta ce aka sake wa suna. Gaskiya ne a cikin jawabin ya maimaita waɗansu zantuttukan zamaninsa game da halayen mutanen Sin waɗanda ba su da tushe, amma hukuncin da ya yanke bai karkace ba.

Ba a saurare shi ba. A 1870 Charles Sumner ya nemi Majalisa ta goge sharaɗin farar fata daga dokar zama ɗan ƙasa, aka ƙi, aka ƙara 'yan Afirka kawai aka bar mutanen Asiya a waje. A 1871 'yan tarzoma suka kashe mutanen Sin wajen 18 a Los Angeles. A 1876 takardar manufofin Dimokurat ta la'anci shigowarsu, ta Rifabulikan ta ce a bincika. A 1877 wani Denis Kearney ya ja jam'iyyar ma'aikata a Kalifoniya ba da wata manufa da ta fi korarsu ba, shi kuwa Kearney baƙo ne daga Ailan. A 1880 jam'iyyun biyu duk sun rubuta a taƙaita zuwansu, don ƙuri'un jihohin yamma su ke raba gardama. A 1882 Shugaba Chester Arthur, ɗan Rifabulikan, ya sa hannu a dokar da ta hana leburorin Sin shiga har shekara 10, ta kuma hana waɗanda ke ciki zama 'yan ƙasa.

Douglass bai bar Rifabulikan ba. Ya yi mata yawon neman ƙuri'a a 1876 da 1880, ta kuwa saka masa da muƙamai: babban jami'in kotu na Washinton a 1877, mai rajistar takardun filaye a 1881, jakada a Haiti daga 1889 zuwa 1891. Waɗansu matasan baƙaƙe sun zarge shi da cewa baki ya ci, ido ya ji kunya. Mu dai muna ganin zargin yana da ƙamshin gaskiya, don muryarsa a kan jam'iyyar ta yi sanyi a shekarun nan. Sai dai a tuna ɗaya jam'iyyar ita ce ta masu ƙwace wa mutanensa ƙuri'a da bindiga a Kudu, wanda ruwa ya ci kuwa ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

Anna ta rasu a 1882. A 1884 ya auri Helen Pitts, Baturiya, fari da baƙi duk suka yi ta surutu, bai kula ba. A 1886 gwamnatin Amurka ta ba shi fasfo, ya tafi da matarsa ya ga Faransa da aka hana shi gani shekara 26 da suka wuce, ya wuce Italiya da Masar, har ya hau babbar dalar Giza yana dab da shekara 70. Ƙarshen rayuwarsa ya ƙare shi ne wajen yaƙi da kisan gillar da 'yan tarzoma ke yi wa baƙaƙe a Kudu, tare da wata jarumar 'yar jarida, Ida B. Wells. Ran 20 ga Fabrairu 1895 ya halarci taron mata masu neman hakkinsu a Washinton, ya komo gidansa na Cedar Hill, da maraice zuciyarsa ta tsaya. An binne shi a Rochester.

Wata shida bayan rasuwarsa, cikin Agusta 1895, wani kuku mai suna Wong Kim Ark ya komo San Francisco daga ziyarar da ya kai ƙasar Sin. A birnin aka haife shi, iyayensa mutanen Sin ne waɗanda doka ta hana su zama 'yan ƙasa. Ma'aikatan kwastan suka hana shi sauka, suka ce shi baƙo ne, aka tsare shi watanni cikin jiragen ruwa a bakin gaɓa. Shari'a ta kai Kotun Ƙoli, ran 28 ga Maris 1898 alƙalai shida suka ce gyara na 14 ya haɗa da shi, biyu suka saɓa. Wong Kim Ark ya tabbata ɗan ƙasa. Dokar hana mutanen Sin shiga kuwa an yi ta sabunta ta, ba a soke ta ba sai 1943, lokacin da Amurka ke bukatar ƙasar Sin a yaƙinta da Japan.